An ci ni tarar fam 80 a kan motar da ko motsi ba ta yi ba

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a garin Bradford na ƙasar Ingila, wannan ce shekara ta huɗu. A watan Fabrairu injin motata ya buga, makanike ya yanka mini kuɗin da ba ni da shi, sai na sa aka jawo ta aka ajiye a filin ajiye mota da ke gaban gidan da muka koma haya a farkon shekara. Harajinta zai ƙare a ƙarshen Maris, saboda haka a tsakiyar watan na cike fom ɗin sanar da cewa motar ta bar hanya, na rubuta sabon adireshinmu a takardar rajistarta, na haɗa su a ambulan ɗaya na jefa a akwatin gidan waya, na kuma soke inshora. Bayan kwana biyar aka kira ni cewa jikin mahaifina ya tsananta. Na tafi gida, Allah ya yi masa rasuwa, ban dawo ba sai ƙarshen Yuli. Na tarar da wasiƙu a jibge, domin mai ɗakina ba ta buɗe abin da ke ɗauke da sunana. A cikinsu akwai sabuwar takardar rajista mai sabon adireshinmu, da takardar tarar fam 80 saboda rashin biyan haraji, da kuma wasiƙar wani kamfanin karɓar bashi. Ba ni da rasit na gidan waya, hoton fom ɗin kawai nake da shi a wayata. Wani abokina ya ce in share su, wani ya ce in kai su kotu tunda motar ko taku ɗaya ba ta yi ba. Ina mafita?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Mutum ya dawo daga zaman makoki ya tarar da takardar bashi tana jiransa a bakin ƙofa abu ne mai nauyi a zuciya, amma ina so ka kwantar da hankalinka, domin wannan matsala ƙarama ce muddin ba a bar ta ta girma ba, kuma a cikin tarin wasiƙun nan kana riƙe da hujjar da ta fi ƙarfin wadda kake tsammani.

Zan fara da gyara maka fahimta ɗaya, saboda a kanta shawarar abokan naka biyu ta ginu. A gida mun saba cewa takardun mota na mai hawa titi ne. Idan motar mutum ta lalace ya jingine ta a ƙofar gida ko a garejin makanike, ba wanda zai bi shi ya tambaye shi takardu, sai ranar da ya fito da ita ɗan KAROTA ko jami'in VIO ya ɗaga masa hannu. A Birtaniya tsarin ya sha bamban. Hukumar DVLA, wadda ke garin Swansea a yankin Wales, tana riƙe da rajistar kowace mota da sunan wanda ke riƙe da ita, kuma tun shekarar 2004 doka ta ɗora wa wannan mutum nauyin cewa a kowace rana motarsa ta kasance cikin hali ɗaya daga biyu: ko dai an biya mata haraji, ko kuma an sanar a rubuce cewa ta bar hanya, sanarwar da ake kira SORN, wadda aka shigo da ita a 1998. Idan haraji ya ƙare kuma kwamfuta ba ta ga sanarwar a rajista ba, takardar tara tana fita da kanta, ba tare da wani ma'aikaci ya je ya leƙa motar ba. Ka ga ke nan laifin da ake tuhumarka da shi bai shafi tuƙi ba sam. Ko da za ka kawo hoton motar tayoyinta a sace, ganyen itace ya rufe gilashinta, ka haɗa da maƙwabta goma su rantse ba ta motsa ba, amsar da za a ba ka ita ce ba a ce ka tuƙa ta ba, an ce ba ka sanar ba. Tambaya ɗaya ce rak a gabanka: shin ka sanar kafin harajin ya ƙare, kuma da me za ka tabbatar?

Hukumar ta bayyana a fili dalilan da take saurara da waɗanda ba ta saurara. Tana sake duba tara idan mutum yana da shaidar cewa ya biya harajin, ko yana da inshora, ko ya riga ya sanar cewa motar ta bar hannunsa, ko ya riga ya yi sanarwar SORN, da sharaɗin shaidar tana ɗauke da kwanan watan da ya gabaci ranar laifin. Ba ta karɓar uzurin cewa mutum ya manta, ko ba ya gari, ko takardar tunatarwa ba ta iso shi ba, ko ya canza gida bai faɗa ba, ko banki ne ya kasa tura kuɗi. Wannan yana nufin rasuwar mahaifinka da tafiyarka, duk da nauyinsu a wurinka da wurina, ba za su zama ginshiƙin ƙorafinka ba. Suna da amfani, zan nuna maka inda za ka sa su, amma idan ka cika wasiƙarka da su aka rasa inda hujjar take, wanda zai karanta zai ɗauke ka cikin jerin masu cewa "ba na nan", ya aiko maka da amsar da aka tanadar wa irinsu.

Yanzu ga abin da ya ja hankalina a wasiƙarka. Ka ce fom ɗin, wanda lambarsa V890, da takardar rajistar motar, wato V5C, a ambulan ɗaya suka tafi. Wannan daidai ne, haka ma hukumar ke umartar wanda adireshinsa ya canza ya yi. Sannan ka ce ka tarar da sabuwar V5C mai ɗauke da sabon adireshi, kuma takardar tarar ma a sabon gidan ta same ka. To ta yaya aka san sabon gidanku? Idan ba ka sanar da canjin adireshin motar ta wata hanya dabam ba, amsar ita ce ambulan ɗinka ya isa Swansea, an buɗe shi, an yi aiki da abin da ke ciki. Sabuwar takardar rajistar nan ta tsaya maka a matsayin rasit ɗin da ba ka karɓa ba, kuma ta ma fi rasit, domin shi rasit yana nuna an aika ne kawai, ita kuwa tana nuna an karɓa. Kada ka jefar da ita, kada ka jefar da ambulan ɗin da ta zo a ciki.

Sai dai ina so ka tsaya ka tambayi kanka tsakani da Allah kafin ka rubuta wannan magana. Rajistar lasisin tuƙi dabam take da rajistar mota, saboda haka idan adireshin lasisinka kawai ka canza a wani lokaci, wannan bai taɓa hujjarka ba. Amma idan ka taɓa shiga intanet ka canza adireshin motar, ko kafin ka aika ambulan ɗin ko bayansa, to hujjar ta raunana ƙwarai, kuma kada ka kuskura ka rubuta abin da rajistarsu za ta ƙaryata. Haka kuma ka buɗe hoton fom ɗin a wayarka, ka faɗaɗa shi, ka bi shi gida-gida. Lambar motar daidai take, ba ka rubuta sifili a wurin harafin O ba? Ka sa hannu? Ka rubuta kwanan wata, da ranar da kake so sanarwar ta fara aiki? Isar ambulan ba ta tabbatar da cewa fom ɗin cikinsa ya cika ba, kuma ni daga nan ba zan ɗora wa kowa laifi ba: takarda tana iya maƙalewa a cikin ambulan, tana iya rabuwa da 'yar'uwarta a kan tebur, mai cikewa ma yana iya tsallake layi ɗaya cikin gaggawa. Ka duba a cikin wasiƙun ko akwai wadda aka dawo maka da fom ɗin domin gyara. Idan akwai, lissafin ya canza, kuma biyan tarar ya fi maka sauƙi.

Idan hoton ya nuna fom ɗin ya cika, ka shiga bayanan hoton ka ga ranar da aka ɗauke shi, ka ɗauki hoton allon wayar yadda ranar za ta fito, ka buga a takarda. Idan a ranar ka tura wa mai ɗakinka ko wani saƙon WhatsApp cewa ka aika takardun motar, shi ma ka buga shi da kwanan watansa. Ka haɗa da takardar makanike ko rasit na wanda ya jawo motar a Fabrairu, da wasiƙar kamfanin inshora da ke nuna ranar da ka soke. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai tsaya shi kaɗai, amma idan aka jera su suna ba da labari guda: mota ta lalace a Fabrairu, mai ita ya cike fom a tsakiyar Maris, ya soke inshora a makon, sabuwar takardar rajista ta biyo baya.

Akwai raunin da dole in faɗa maka, domin za su faɗa. Wanda ya aika sanarwar SORN ta gidan waya ana aiko masa da wasiƙar tabbatarwa cikin mako huɗu, kuma matsayin hukumar shi ne idan ba ta zo ba, mai mota ne ya kamata ya bi sawu. Mako huɗun naka sun cika kana gida wajen jinya. A nan ne tafiyarka take da gurbi, ita ce bayanin abin da ya hana ka lura cewa tabbatarwar ba ta zo ba, kuma ita ce bayanin abin da ya sa ka wuce wa'adin amsa da aka rubuta a takardar tarar. Jimla biyu sun isa, tare da kwafin tikitin jirgi ko hatimin shige da fice na fasfo. Wasu masu irin wannan takaddama suna kafa hujja da sashe na 7 na Dokar Fassara ta 1978, wanda ya ce idan doka ta yarda a aika takarda ta gidan waya, ana ɗauka ta isa muddin an rubuta adireshi daidai, an biya kuɗin kan sarki, an jefa ta, sai in an tabbatar da akasin haka. Kana iya ambatonsa a layi ɗaya, amma ban ga dalilin da za ka jingina da shi sosai ba, tunda kai abin da ke hannunka shaidar isa ce, ba zaton isa ba.

Kafin ka rubuta komai, akwai aikin da ba zai kwana ba. Ka shiga shafin gwamnati na duba harajin mota, ka sa lambar motarka, zai nuna maka ko tana da haraji, ko tana ƙarƙashin SORN, ko babu ko ɗaya. Idan babu ko ɗaya, ka yi sanarwar yau ɗin nan ta intanet da lamba mai alƙaluma 11 da ke jikin sabuwar V5C. Kyauta ce, kuma tunda harajin ya riga ya ƙare nan take za ta fara aiki. Ka adana saƙon tabbatarwar. Ba a mayar da sanarwa baya, don haka ta yau ba za ta goge tarar ba, amma za ta tsayar da kwanakin da ke ta taruwa a kanka. Kada ka ji tsoron cewa yin ta yanzu tamkar amsa laifi ne. Ka rubuta a wasiƙarka cewa ka sake yi ne a rana kaza saboda ka ga ta farko ba ta fito a rajista ba. Tun watan Disamba na 2013 ba a sabunta SORN duk shekara, tana nan har sai ka biya haraji, ko ka sayar da motar, ko aka farfasa ta, ko aka fitar da ita daga ƙasar.

Dalili na biyu na gaggawar shi ne inshorar da ka soke, kuma wannan ya fi damuna a kan fam 80 ɗin. Tun 2011 doka ta ce motar da ba a sanar ta bar hanya ba dole ta kasance da inshora, ko ana hawa ko ba a hawa. Ana kwatanta rajistar motoci da rumbun bayanan inshora, a fara aiko da wasiƙar gargaɗi, in ba a gyara ba tarar fam 100 ta biyo baya, in aka yi biris da ita magana ta kai kotu inda tara ke iya kaiwa fam 1,000, kuma ana iya kulle motar ko a ɗauke ta. Ka sake bin wasiƙun nan ɗaya bayan ɗaya ka ga ko gargaɗin yana ciki. Idan yana ciki, hujjarka ɗaya ce ga takaddamar biyu, amma kowace takarda da lambarta, kuma kowace ka amsa ta da kanta.

Sannan ka fita ka kalli inda motar take tsaye. Sanarwar SORN tana aiki ne ga motar da ke cikin gareji, ko filin gida, ko wani fili mai zaman kansa. Titin da hukuma ke gyarawa da kuɗin jama'a, har da gefen da masu tafiya a ƙasa ke bi, hanya ce a idon doka. Filayen gaban gidajen haya da yawa gajeru ne, sai ka ga gaban mota yana cikin gida, bayanta ya leƙo kan hanyar masu ƙafa. Idan taka haka take, ka nemi mutum biyu ku tura ta ciki. Kada kuma wani ya turo ta bakin titi ko na awa ɗaya don a shigo da kaya ko a share fili, domin akwai motoci masu kyamara da ke zagayawa suna karanta lambobi. Motar da ke da SORN idan aka same ta a titi, sulhun da ake nema ba tare da an je kotu ba shi ne fam 30 da ninki biyu na harajin da ake bi, a kotu kuwa tara tana iya kaiwa fam 2,500. Idan aka sa mata ƙarfen kulle taya, cire shi fam 100 ne a cikin awa 24 na farko, idan aka ɗauke ta zuwa ma'ajiya ya koma fam 200 ban da kuɗin ajiya na kowace rana. Tafiya ɗaya aka yarda ta yi, ita ce zuwa gwajin lafiyar mota na MOT da aka riga aka yi wa rajistar lokaci, da dawowa daga can, shi ma da inshora. Ranar da za a kai ta gyara, a ɗora ta a kan motar ɗaukar motoci.

Wasiƙar kanta kada ta wuce shafi ɗaya. A sama ka sa lambar motar da lambar da ke kan takardar tarar. Ka ce kana neman a soke tarar saboda ka aika sanarwar SORN a rana kaza ga Maris, kafin harajin ya ƙare, a ambulan ɗaya da takardar rajista mai canjin adireshi. Cewa an yi aiki da canjin adireshin, ga kwafin sabuwar takardar. Cewa wannan ambulan shi kaɗai ne hanyar da ka sanar da sabon adireshin motar. Ka roƙi a duba ranar da aka shigar da canjin a rajista, a kuma dakatar da karɓar bashin har a gama dubawa. Daga nan sai jimloli biyun nan na tafiya da rasuwa, sai jerin abin da ka haɗo. Ba zagi, ba barazanar lauya, ba dogon tarihi. Ka bi hanyar da takardar tarar ta nuna. Idan ta gidan waya ne, adireshin sashen da ke kula da tara shi ne DVLA Enforcement Centre, D12, Swansea, SA99 1AH. Kwafi za ka aika, takardun asali su zauna a hannunka. A wannan karon kada ka jefa a jan akwatin bakin titi. Ka shiga gidan waya, ka miƙa a kanta, ka ce a ba ka shaidar aikawa, za a buga maka ƙaramar takarda mai kwanan wata da lambar yankin da wasiƙar za ta, kuma ba a biyan ko sisi a kanta. Idan ka ƙara 'yan fam kaɗan aka yi maka irin wadda ake sa hannu in ta isa, ya fi.

Idan aka ce ba a san ranar da adireshin ya canza ba, ko aka ƙi faɗa, dokar kare bayanan mutane ta ba ka damar neman a ba ka bayanan da hukuma ke riƙe da su a kanka, kyauta, kuma a ƙa'ida ana amsawa cikin wata ɗaya. Ka nemi abin da aka shigar game da motarka daga Maris zuwa yau.

Shi kuma kamfanin karɓar bashi, kada kaurin muryar wasiƙarsa ya firgita ka. Tarar ta fara ne a fam 80, ana rage ta zuwa 40 ga wanda ya biya cikin kwana 33, idan ba a biya ba ake miƙa ta ga irin waɗannan kamfanoni. Su ba ma'aikatan kotu ba ne, ba su da ikon shiga gidanka ko ɗaukar kayanka. Ka rubuta musu layi uku cewa kana jayayya a kan bashin, ka aika ƙorafi ga hukumar a rana kaza, kana neman su dakata. Kada ka yi musu alkawarin biya ta waya. Ka kuma duba adadin da suke nema da kyau, ko fam 80 ne kawai ko an haɗa da harajin watannin da motar ta yi ba haraji ba sanarwa, domin ka san ainihin abin da kake jayayya a kansa.

Abokinka da ya ce ka share su bai yi maka adalci ba, ko da shi ya taɓa sharewa ya tsira. Tarar fam 80 bashi ne, ba hukuncin aikata laifi ba ce, amma bashin da aka ƙi kulawa yana iya ƙarewa a kotun bashi, kuma hukuncinta yana zama a rajista shekara shida idan ba a biya cikin wata ɗaya ba, ya riƙa bin mutum duk lokacin da ya nemi hayar gida ko rancen banki. Zaman mota ba haraji ba sanarwa kuma laifi ne da ake iya gurfanar da mutum a kansa a kotun majistare ƙarƙashin dokar harajin motoci ta 1994. Kai da kake zaune da biza, wata rana za ka cike fom ɗin neman zama na dindindin ko zama ɗan ƙasa, inda ake tambayar hukuncin kotu da ya taɓa hawa kan mutum. Ban ga hikimar sayen wannan tambaya da fam 80 ba. Idan har wata takarda ta zo daga kotu, irin wadda majistare ɗaya ke yanke hukunci a kanta ba tare da zaman kotu ba, kwana 21 kake da su ka amsa, kuma ranar da ta zo ka nufi ofishin Citizens Advice, inda ake ba da shawara kyauta, ko ka ga lauya. Shi kuma mai cewa ka kai su kotu, hujjar da ya ba ka, wato motar ba ta motsa ba, ita ce wadda na nuna maka ba ta amsa tuhumar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan amsar farko ta zo da ƙi, ka karanta dalilin. In sun amsa maganar ambulan ɗin da wata hujja, misali rajistarsu ta nuna adireshin ya canza ta wata hanya, ko fom ɗin ya zo ba sa hannu, ka biya ka rufe babin. In kuwa amsar ta tsallake maganar gaba ɗaya, ta tsaya a kan cewa tafiya ba uzuri ba ce, to ba a karanta ƙorafinka ba, kuma ya dace ka shigar da koke ta tsarin koke-koke na hukumar, ka nuna tambayar da ba a amsa ba. Bayan matakan cikin gida akwai mai duba koke mai zaman kansa na Ma'aikatar Sufuri, bayansa kuma akwai babban mai sauraron koken jama'a na Majalisa, wanda ake isa gare shi ta hannun ɗan majalisar mazaɓarka. Na ambace su ne domin ka san hanyar ba ta ƙare a wasiƙa ɗaya ba. Ra'ayina shi ne wasiƙa biyu sun isa a kan wannan adadi: ƙorafi ɗaya, koke ɗaya. Idan duka biyun ba su yi ba, ka biya kafin magana ta kai kotu, ka rubuta cewa ka biya ne ba tare da ka yarda da tarar ba, sannan ka ga ko kana da sauran ƙarfin ci gaba da koken.

Game da mai ɗakinka, ladabin da ya hana ta buɗe wasiƙarka abin yabo ne, kuma kada ka bari ta ji kamar ita ta jawo wannan. Sai dai a ƙasar da kusan kowace takardar hukuma ke zuwa da wa'adi a jikinta, ya kamata ku yi yarjejeniya cewa duk lokacin da ba ka nan ta buɗe duk ambulan ruwan ƙasa da ya shigo, ta ɗauki hotonsa ta turo maka. Da takardar tarar ta same ka a waya cikin kwana 33 ɗin farko, da ko ka yi ƙorafi a kan lokaci, ko ka rabu da ita a kan fam 40.

Saura motar kanta. Yanzu wata biyar ke nan tana zaune, batir ya mutu, birki yana tsatsa, kuɗin gyara bai ragu ba. Idan ka san ba za ka gyara ta kafin sanyi ya shigo ba, ka sayar da ita yadda take ko ka kai ta wurin masu farfasa motoci da ke da lasisi, waɗanda za su ba ka takardar shaidar an lalata ta. Ko wanne ka zaɓa, ka sanar da hukumar a ranar ta intanet, ka adana saƙon tabbatarwa, domin har sai sunanka ya fita daga rajista kai ake nema a kan duk abin da ya shafi motar. Ka kuma faɗa wa mai saye cewa SORN ɗinka ba ta bin mota zuwa hannunsa, haka ma haraji tun watan Oktoba na 2014, saboda haka shi ma sai ya yi tasa sanarwar ko ya biya harajin da sunansa kafin ya ɗauke ta daga ƙofar gidanka.